Shirin "kada a bar yaro a baya" da bikin karramawa: wa za a kira gaban taro?

Baban Ummi (Admin): Assalamu alaikum jama'a. An tara mu 'yan kwamitin kula da makarantu a ofishin ilimi na yankinmu, an karanta mana daftarin shirin da ake so a fara zango mai zuwa. Ba a sa hannu ba tukuna, cewa aka yi mu kawo wa iyaye su tofa albarkacin bakinsu. Kashi biyu ne. Na farko, a farkon zango za a gwada kowane yaro daga aji 3 zuwa aji 6 a karatu da lissafi, wanda aka ga yana da rauni a ware masa sa'a guda kullum, wanda kuma ya yi mako bai leƙo makaranta ba a bi shi har gida. Na biyu, bikin karramawa a ƙarshen shekara, amma ba don na ɗaya da na biyu da na uku kaɗai ba. Za a ƙara kyautar wanda ya fi kowa ci gaba, da ta zuwa makaranta kullum, da ta ladabi, da ta malamai. Abin da ya tayar da ƙura a zauren shi ne shawarar a daina rubuta matsayin yaro a katin sakamako. Bismillah, amma don Allah ban da zagi, ban da siyasa.

Maman Haidar: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, kafin a yi nisa, bikin nan wa zai biya? Don mun san yadda ake yi. A turo yaro da takarda a ce kowa ya kawo kuɗin rumfa da kujeru da lemon manyan baƙi. Ranar bikin yaran suna tsaye a rana tun hantsi, babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar, a yi jawabi a yi jawabi, a kira yara uku a kowane aji a miƙa musu littattafan rubutu da bokitin roba, a watse. Sauran su dawo gida da ciwon kai. Idan irin wannan ne, a bar mana kuɗinmu mu sayi sabulu.

Baban Ummi (Admin): Hajiya, na yi wannan tambayar da bakina. An ce ba za a karɓi ko sisi daga iyaye ba. Na ce a rubuta a takarda.

Maman Haidar: Yauwa. A rubuta, a buga hatimi.

Tsohon Hedimasta (Ƙofar Doka): Salamu alaikum. Ni kashi na farko ban da ja a kansa, Allah ya ba da ikon yi. Amma cire matsayi daga katin sakamako, wannan ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Yaro yana ƙoƙari ne idan ya ga wani a gabansa. A zamaninmu ranar ba da sakamako gaban kowa ake kiran suna, daga na ɗaya har na ƙarshe, kuma wanda ya zo na goma sha biyar ba ya barci sai ya shiga goman farko. Garin nan fa ba baƙon ilimi ba ne. Kwalejin Barewa da kuke gani, tun 1921 aka kafa ta a Katsina, ta koma Kaduna a 1938, ta zo nan Zariya a 1949. Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa, duk ta nan suka bi. Kuna tsammani da lallashi aka yi su? Gasa ce ta yi su. Yau an ce kada a faɗa wa yaro ya zo na ƙarshe don kada ransa ya ɓaci, gobe JAMB za ta faɗa masa ba tare da ta nemi izininsa ba.

Ɗan Samaru: Allah ya ƙara girma Baba, amma da izininka zan ɗan ja. Kwalejin Katsina ba kowa take ɗauka ba. Larduna ne ke tace yara, a zaɓo 'yan ƙalilan daga cikin 'yan ƙalilan da suka samu shiga boko tun farko. Wanda ya gaza, gona tana nan, sana'ar gidansu tana nan, babu wanda ya ƙirga shi. Daga 1976 da aka fara UPE, wato shirin ilimin firamare ga kowa, lissafin ya canja, aka buɗe ƙofa ga kowa. Dokar UBE ta 2004 kuwa, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, cewa ta yi shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. To idan hukuma ta ce dole kowane yaro ya zo, ashe dole ne kowane yaro ya tafi da wani abu. Tsarin da aka gina don fitar da zakaru goma ba zai wadatar da aji mai yara ɗari ba.

Tsohon Hedimasta (Ƙofar Doka): Ɗana, na ji ka. Amma ka ba ni amsa ɗaya: uban da bai yi boko ba, idan aka miƙa masa kati babu "na nawa", me zai karanta a ciki?

Baban Walid (Muciya): Wallahi Baba ya faɗi gaskiya. Ni abin da nake dubawa ke nan. Na nawa ka zo, cikin yara nawa. Sauran jan biro da baƙin biro ba na gane su.

Malama (Ƙofar Gayan): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ce mai riƙe da aji 4, bari in faɗi abin da nake gani da idona, don maganar "na nawa" tana ɓoye abu mai yawa.

A ajina akwai yarinyar da ke zuwa cikin goman farko kowane zango. Rubutunta kamar an buga da inji. Duk abin da na rubuta a allo za ta kwafe shi tsaf, idan na karanta a bi ni, muryarta ta fi ta kowa. Ran nan na kira ta ita kaɗai, na rubuta "tsuntsu ya tashi" a bayan takarda na ce karanta. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta fara karanto abin da muka yi jiya a allo. Haddacewa take yi. Idan kati ya ce ta zo ta takwas, babanta zai yi murna, ni ma ba wanda zai tuhume ni, a haka za ta wuce aji 5 da aji 6 ta shiga ƙaramar sakandare ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Kuma fa ita ce ta takwas. Ku yi tunanin ta sittin.

Gwajin da ake magana ba jarrabawa ba ce irin ta zauna-ka-rubuta. Kati ne guda, yaro ɗaya malami ɗaya, minti kaɗan. A sama akwai ɗan labari, ƙasa da shi gajeren sakin layi, sai kalmomi, sai haruffa. Za ka fara da sakin layin. In ya karanta sumul ka hau da shi labari, in ya cije ka sauko kalmomi, in nan ma ya tsaya ka sauko haruffa. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Daga nan a sa'ar da aka ware ba a zama aji-aji, ana zama mataki-mataki: 'yan haruffa wuri guda ko daga aji 3 kake ko aji 6, 'yan kalmomi wuri guda, haka har sama. Da Hausa ake farawa, don yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake magana da shi. Wata ƙungiya ce mai suna Pratham ta fara wannan tsari a Indiya, an kuma gwada shi a nan Arewa. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya motsa a ɗaga shi.

To Baban Walid, da a ce maka "ya zo na ashirin da uku", da a ce maka "farkon zango haruffa kawai ya sani, yanzu yana karanta kalmomi, abin da ya rage masa jimla", wanne ya fi gaya maka halin da ɗanka yake ciki?

Baban Walid (Muciya): Na biyun ya fi, Malama. Amma a haɗa min duka biyun mana. Ina ruwan wani da wani?

Alaramma (Limancin Kona): Salamun alaikum. Ina ta karantawa ina murmushi. Abin da Malama ta bayyana, ai mu a makarantar allo da shi muka tashi, ba mu je Indiya ba. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda yake. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kai Sabbi, wani yana Yasin, duk a zaure ɗaya. Ba a wanke maka allo sai ka biya a gaban malam ya ji da kunnensa. Ba mu da na ɗaya ba mu da na ƙarshe, amma gasa tana nan, don kowa ya san wanda ya wuce shi da izu. Kuma ba a jira sai sauka kafin a yi murna. Yaro ya kai wani mataki, a gida a yi ɗan abin sadaka a kawo makaranta, 'yan uwansa su ci su yi masa addu'a. Ranar sauka kuwa a yi masa zayyana, ko shekara nawa ya ɗauka, ranarsa ce shi kaɗai. Wanda ya fi hazaƙa kuma ga musabaƙa nan, tun 1986 ake yin ta ƙasa a ƙarƙashin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya je ya gwada kansa da zakaru. Ba a hana gwani fili ba, ba a kuma bar mai tafiyar hawainiya ba tare da ranarsa ba.

Tsohon Hedimasta (Ƙofar Doka): Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta shiga. Amma ka lura, kai ma ka ce kowa ya san wanda ya wuce shi.

Alaramma (Limancin Kona): Ya sani, ranka ya daɗe. Sai dai ba a rubuta masa a goshi.

Bakanon Sabon Gari: Zage-zagi ke nan! An ce ku tattauna kyautar bokitin roba, kun kai mu Katsina 1921, kun kai mu Indiya, kun dawo da mu tsangaya. Mu a Kano da tuni an sayo bokitan an ci riba.

Maman Haidar: Kai dai zauna lafiya a garin iyayen gidanka, ka ci arziki ka bar arziki a inda yake.

Malam Mai Lissafi (Tudun Jukun): Ku bar wasa, ga inda gizo ke saƙar. Sa'a guda kullum, wa zai koyar? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku shiga kowace makarantar gwamnati a cikin gari da safe ku ƙirga da kanku. Akwai ajin da malami ba ya iya takawa zuwa bango na baya saboda yara a ƙasa. Lokacin da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar nan a 2016 yara suka yi ta tururuwa, abin farin ciki ne, amma azuzuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Sai 2017 aka yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka ɗauki sababbi. Ba zan shiga ko daidai ne ko ba daidai ba, Admin ya hana siyasa. Abin da nake cewa, tun daga lokacin duk malamin da ya ji kalmar "gwaji" gabansa faɗuwa yake. Idan malamai suka zaci sakamakon yaran nan da shi za a yi musu hukunci, wallahi kowane yaro zai "iya karatu" a takarda tun ranar farko.

Kuma akwai ta biyu. Idan aka ce akwai kyauta ga malamin da yaransa suka fi ci gaba, mai wayo zai danne makin farkon zango, ya rubuta kowa a matakin haruffa, ƙarshen zango ya ce ga mu'ujiza. Ni malami ne, na san mu.

Ɗan Samaru: Wannan tana da magani Malam. Kada malami ya gwada ajinsa. A yi musaya tsakanin makarantu biyu na kusa. Ko kuma ga ɗaliban makarantar horar da malamai ta tarayya da ke Gyallesu da na tsangayar ilimi ta ABU da ake turowa koyon aikin koyarwa kowace shekara, da yawansu zaman jiran mai duba su suke yi a ofishin malamai. A koya musu katin nan kwana biyu, su yi gwajin, su kuma taimaka a sa'ar da aka ware. Garin da ke da ABU tun 1962 bai kamata a ce an rasa wanda zai saurari yaro yana karatu na minti biyar ba.

Malam Mai Lissafi (Tudun Jukun): Shawara ce mai kyau, amma su zango ɗaya suke yi su tafi. A dai rubuta, ya fi babu.

Anti (Wusasa): Barkanku da yamma. Ina ta jira in ga ko wani zai taɓo inda ke min ciwo. An ce kowane yaro. Ɗana na biyu ba ya ji sosai, sai ka tsaya gabansa yana kallon bakinka. Wata makaranta da na kai shi, ba zan kama suna ba, shugabar ta ce min cikin ladabi gara in nemi makarantar irinsu a Kaduna. Yaro ɗan shekara bakwai, in kai shi kwana wani gari? Inda yake yanzu, Allah ya haɗa shi da malama mai kirki, ta sa shi a benci na gaba, ba ta magana tana fuskantar allo, in ta ba da aiki sai ta rubuta. Shi ke nan fa abin da ta yi, ko kwabo ba a kashe ba, yanzu lissafinsa ya fi na yayansa. Amma shekara mai zuwa in ya canja aji, sai yadda hali ya yi.

Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Ku duba matakalar azuzuwan da ke kusa da ku ku gaya min yadda mai keken guragu zai hau. Baban Ummi, daftarin ya ce wani abu a kanmu?

Baban Ummi (Admin): Anti, layi ɗaya ne, wai "za a kula da masu buƙata ta musamman". Ba a faɗi yadda za a yi ba.

Anti (Wusasa): To ga yadda za a yi. Ranar da ake gwajin karatu a haɗa da na ido da na kunne, ko na sama-sama ne. A rubuta a rajista: wannan ya zauna gaba, wannan yana buƙatar tabarau. Takardar ta bi yaro zuwa aji na gaba, kada kowace shekara uwa ta koma tana roƙo daga farko.

Malama (Ƙofar Gayan): Anti kin yi gaskiya. Yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon ne ba sa gani. Za ki gan su suna ƙanƙance ido suna leƙen littafin na kusa, a ce satar amsa suke.

Baban Sadiya (Dutsen Abba): Ni kyautar zuwa kullum ce ban gamsu da ita ba. Wannan kyautar 'yan birni ce. Mu nan da damina ta kankama, ko lokacin girbi, rabin aji yana gona, ba don iyaye ba sa son boko ba, don ba mai biyan 'yan ƙwadago. Yarinya kuma sai ta sayar da ƙosai ko awara kafin ta sa kayan makaranta. Ɗan ma'aikaci da ake saukewa a mashin ƙarfe bakwai da rabi shi zai kwashe kyautar kowace shekara. Wadda ta yi talla ta kuma rugo ta iso ƙarfe tara, wa ya fi ta ƙoƙari?

Bin yaro gida kuma, a yi hattara da wanda za a tura. In malami ya zo shi kaɗai da rajista a hannu, maigida zai ɗauka ƙara aka kawo. A bi ta wurin mai unguwa da liman, mata kuma a tura musu mata 'yan uwansu.

Maman Haidar: Wannan haka yake. Kuma a tambayi dalili kafin a yi faɗa. Wata rashin takalmi ne, wata kuwa ta fara girma ne makarantar babu banɗaki mai ƙofa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, na tallafa wa karatun 'yan mata, da aka fara da jihohi bakwai har da Kaduna ya taɓa irin wannan, amma a sakandare yake. Yarinyar da ta sulale tun aji 5 ba za ta kai can ba balle ta amfana.

Ɗan Samaru: A mayar da ita kyautar wanda zuwansa ya fi gyaruwa, a kwatanta yaro da kansa na zangon baya. Sannan a karrama uwar ma, a kira sunanta a lasifika. Ita ce ta haƙura da cinikin safe.

Baban Walid (Muciya): To in kowa zai samu kyauta, ina darajar kyautar? Kada a wayi gari an raba wa yara ɗari takardar yabo ɗari.

Malama (Ƙofar Gayan): Ba kowa ba ne Yaya. Wanda ya motsa ne, kuma da shaida. Ni da za a bi tawa, ranar bikin a rage jawabai, a kira yaron da farkon shekara bai san harafi ba, a miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba, ya karanta a gaban uwarsa da ubansa da mai unguwa. Ba a iya maguɗin wannan. Na ɗaya ma a kira shi, haƙƙinsa ne, ya sha wahala. Amma shi kowa ya san shi tun aji 1.

Malam Mai Lissafi (Tudun Jukun): Kuma ku tuna ofishin ilimin nan ba wani kuɗi ne da shi na kansa ba. Manyan ayyuka ta SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, suke biyowa, ita kuma UBEC, takwararta ta tarayya, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya take samu, ba ta sakin kason gine-gine sai jiha ta ajiye nata daidai da shi. Duk abin da ke cikin daftarin nan da ke buƙatar kwangila, ku sa masa ido kawai. Abin da zai rayu shi ne mai arha: kati, alli, sa'a guda, canja wa yaro wurin zama, da rajistar da ake cikawa da gaskiya.

Tsohon Hedimasta (Ƙofar Doka): Na saurari kowa. Gwajin a yi, na ido da kunne a yi, yaro ya karanta gaban iyayensa, wannan ma zan zo in gani in Allah ya kai mu. Amma matsayi a bar shi a kati. In kun ga dama kada a kira na ƙarshe a gaban taro, na sassauta har nan. Fiye da haka ban sauka ba.

Ɗan Samaru: Baba, in ya zauna a kati, ai gida za a kira shi, da bulala ma.

Tsohon Hedimasta (Ƙofar Doka): Wannan kuma tsakaninsa da ubansa.

Anti (Wusasa): Ni dai ko an bar shi ko an cire, a ƙara layin da ke cewa abin da yaro ya iya da abin da ya rage masa.

Baban Ummi (Admin): Maganar matsayi zan kai ta yadda take, cewa ba mu daidaita ba. Ranar Litinin ƙarfe goma za a koma zama. Anti da Baban Sadiya, ina so ku biyo ni ku faɗa da bakinku, ya fi in karanto daga waya. Malama, ko za ki turo mana hoton katin nan mu gwada yaranmu a gida kafin ranar?

Malama (Ƙofar Gayan): Zan turo bayan isha'i. Amma don Allah kada a ba yaro ya haddace, kuma in ya cije kada a dake shi, a sauko mataki na ƙasa kawai.

Baban Sadiya (Dutsen Abba): Admin, ƙarfe goma ta yi min wuri, sai na sallami masu aiki a gona. In na makara ku fara, ina tafe.

Bakanon Sabon Gari: Malama a turo da na lissafi, akwai wani babba a shagona da nake so in gwada.